Bebiya a Gangara

Auta,

Ina gaishe ki da yara, da mijin 'yar nan taki mai dariya ba dalili. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa da ke damuna tun da sanyi ya shigo. Kunnen hagu kuwa ya yi sallama gaba ɗaya, saboda haka ki daina aiko mini saƙon in hau kan dutse in nemi sabis in kira ki. Ko na hau, ke kaɗai za ki yi ta zuba kamar yadda kika saba tun muna yara. Takarda ta fi mini. Direban bas yana kai ta har ƙofar gidan burodinki, kuma ba ta katse ni in ina magana.

Abin da kika ji gaskiya ne, motata ta mutu. Tun da aka rufe gidan man da ke gindin tudu muke sayen fetur a jarka, rabi mai rabi ruwa, shi ya ƙarasa ta. Makanike ya buɗe injin, ya leƙa, ya rufe a hankali, ya ce in yi haƙuri. Likitan da ya duba matata ma haka ya yi.

Kin san da wannan mota nake saukar wa maƙwabta dankali da kabeji zuwa kasuwar kwari, kuma da ita nake ci. Jiya ƙungiyar manoma ta zauna a kaina. Shugabarsu, matar nan mai murya kamar ana faskare, ta ce: "Injiniya, ba mu ƙi ka ba, amma dankali ba zai jira ka ba. In lokacin haƙa ya zo ba ka da mota, Mai Babbar Mota za mu ba." Shi kuwa yana tsaye a bayan taro yana sakace. In aikin ya koma hannunsa, a gona zai riƙa kwashe kayansu yadda ya ga dama, ni kuma in zauna a gida ina korar kaji.

Kin ji sunan da suke kirana da shi. Injiniya. Sukan ja ƙarshensa yadda mutum zai gane ba yabo ba ne. Ba na ganin laifinsu. Na karanta lantarki tun kina tsotsar yatsa, na yi wa kamfanin wuta aiki har furfura ta fito mini, na zana musu yadda za a hawo da wuta wannan tudu, sanda bayan sanda. Suka tafa mini, suka sa zanen a durowa, suka ba ɗan wani kujerata, suka sallame ni da agogon bango. Har yau babu sandar wuta ko guda a garin da aka haife mu, sai injiniyan lantarki mai dakon dankali.

A takardarki kin yi mini tayi biyu. Na farko, ɗakin bayan gidanki. Na gan shi lokacin da na zo ganin likita. Tagarsa bangon maƙwabta take kallo, ni kuwa ba zan ƙare rayuwata ina kallon bangon wani ba. Matata a nan take kwance a kabarinta, bishiyoyin da muka dasa ma suna nan.

Na biyu, motarki mai batir. Auta, ki ji tsoron Allah. Motar lantarki a inda babu lantarki? Waɗannan motoci don ku mutanen birni aka ƙera su, masu kwalta a shimfiɗe da wurin caji a kowace kwana. Nan hawa ne da duwatsu da taɓo. Na san wannan ilimi fiye da wanda ya sayar miki da ita.

Amma tun da na san ba za ki bar ni in huta ba, aiko ta. In ta tsaya a tsakiyar hawa, a nan zan bar miki ita, kaji su yi ƙwai a ciki.

Yayanki.

* * *

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Mu duka lafiya, sai ƙaramin jikana da ke fitar da haƙori ya hana gidan sakat. Gwiwar nan ka riƙa gasa ta da ruwan zafi, kuma ka rage tsayuwa cikin sanyi kana gardama da mutane. Mijin 'yata yana gaishe ka, ya ce a faɗa maka har yanzu dariyar yake.

Wurin caji a kowace kwana? Wa ya gaya maka? Ka zo ka gani. Gidan burodin nan haya nake, mai ginin ya hana ni jawo waya zuwa titi, wai zan ƙona masa dukiya. Direbobina sai sun je sun bi layi, in sun isa kuma a ce na'urorin sun lalace, wadda ta rage wani mai kwat ya jona motarsa ya tafi aski. Ni da nake birni ba ni da filin ajiye keke. Kai kana da tsakar gidan da za a buga ƙwallo, ga rana a kanka tun safe. Yadda za ka ciyar da ita kuwa ban sani ba, kai ka yi karatun.

Ba zan ɓoye maka ba, motar ba sabuwa ba ce. Batirinta ya fara gajiya, ba ya kai mu yini muna raba burodi, shi ya sa na sayi wata. Amma ba ta taɓa ba mu kunya ba. Ba a yi mata juyen mai, ba ta da fulogi, ba ta tari da safe. Ka fi ta yawan ƙorafi.

Ga sharaɗina, kuma ina so ka amsa da rubutun hannunka. In ta yi maka aikin dankalin bana, na rufe bakina da maganar birni har abada. In ba ta yi ba, ka kulle gida ka taho. Ba zan zauna ina jiran ranar da direban bas zai kawo mini labarin an tsince ka kai kaɗai ba. Mu biyu muka rage, Yaya.

Direbana zai hawo maka da ita ranar da ba mu gasa burodi.

Ƙanwarka, Auta.

* * *

Auta,

Ina gaisuwa. Gwiwa da sauƙi, amma ba ruwan zafinki ba ne, rana ce ta fito. A shafa wa jikan kai.

Na amince da sharaɗin, ga hannuna. Ni ban taɓa karya alkawari ba, ni aka saba karya wa.

Motar ta iso da yamma, batir saura kaɗan, direbanki yana gumi kamar shi ya turo ta. Ba wanda ya ji zuwanta. Mutane na zaune a bencin mai shayi, sai suka ga wani farin abu ya wuce su shiru. Mai shayi ya ce: "Wannan mota ce ko fatalwa?" Wani ya ce: "Ai bebiya ce." Sunan ya zauna ke nan, yanzu ko yara Bebiya suke kiranta. Mai Babbar Mota ya zagaya ta, ya durƙusa yana neman salansa, ya miƙe yana kaɗe gwiwa ya ce: "Injiniyaa, an cuce ka. Firiji mai taya aka aiko maka." Suka yi ta ƙyaƙyatawa. Na ce masa shi firiji in an buɗe shi ana samun abin amfani a ciki, shi kuwa tun safe bakinsa a buɗe yake.

Kin tuna farantan solar da na kafa wa famfon rijiya? Kafin rana ta take tankin ya cika, sauran hasken yinin a banza yake zuba. Na jawo akwatin kayan aikina da ban buɗe ba tun ranar da aka ba ni agogon bango. Tsatsa ta ci filaya, amma hannu bai manta ba. Na samo inbata a kwari, na'urar da ke juya wutar farantai ta zama irin ta gida, na ƙara wasu farantan na hannu, na ja mata waya zuwa gindin bishiyar da matata ta fi so. Tana sha a hankali, kamar mara lafiyar da ake ba ruwa da cokali. Yini guda ba ya cika ta, in hadari ya rufe kuma sai haƙuri. To amma ba kullum ake kasuwa ba. Tsakanin wannan kasuwa da waccan za ta ƙoshi.

Na gwada ta ba kaya, da ɗan abin da ta sha, na sauka gangaren makaranta na dawo. Hawa ba ya ba ta tsoro, wannan kam na yarda. Sai wani hali nata: in na ɗage ƙafa daga totur a gangara, sai ta riƙe kanta kamar an kama mata wutsiya, ba sai na taɓa birki ba. Wata dabara ce dai ta masu ƙera ta. Ban tsaya bincike ba, na daina sha'awar dabarun mutane.

An fara haƙa. Na bar ta a jone, ba zan cire ba sai ta cika fal. Tun da nake tuƙi a wannan tudu ban taɓa barin gida da rabin tanki ba. Wanda ya yi haka shi ake gani a bakin hanya da jarka a hannu.

Yayanki.

* * *

Auta,

Ban san ko in gaishe ki ba. To, ina gaisuwa. Wuyan hannuna na hagu a ɗaure yake. Ban da shi lafiya nake, in har ana kiran wannan lafiya.

Ranar kasuwa muka loda mata buhuna har ta zauna. Batir cike, allon gabanta kore har ƙarshe. Shugaba ta shiga gaba, ta ɗaura bel, ta ce: "Injiniya, in ka kashe ni 'ya'yana ba za su bar ka ba." Muka kama babban gangare. Na ɗage ƙafa, ina jiran ta riƙe kanta yadda ta saba. Ba ta riƙe ba. Ta saki jiki ta tafi, nauyin dankali na tura ta. Hannuna ya kai inda giya take don in sauke, babu giya. Na taka birki, na yi ta takawa, kwana bayan kwana. Sai ƙauri ya cika motar. Birkin ya yi laushi ƙarƙashin ƙafata kamar na taka burodinki. Shugaba ta daina zagina ta koma salati, a nan na san abin ya kai inda ya kai.

Kin san babbar kwanar nan da ke saman rafi. Masu gyaran hanya sun zube tulin yashi a wurin tun bara, suka tafi ba su dawo ba. Na karkata sitiyari na cusa ta ciki. Wannan ne karo na farko a rayuwata da aikin da aka yi watsi da shi ya amfane ni.

Ƙofar baya ta ɓalle. Dankalin mutane ya bi gangare yana tsalle har cikin rafi, noman wata da watanni. Shugaba ta fito ba ɗankwali, ta dube ni, ta juya ta shiga tsintar dankali. Mai Babbar Mota ya zo ya kwashe abin da ya saura, ya ce, "Sannu, Injiniyaa." Da ya zage ni ya fi mini. Da birkin ya huce na lallaɓa da ita gida, na rufe ta da tamfol.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin rubuta cewa ba ta taɓa ba ku kunya ba. Na kuma samu labari a bakin mai shayi cewa direbanki ya ce kin sa an yi wa ɗakin baya fenti tun kafin motar ta taso, har da sabon gado. Ashe kin san ƙarshen abin. Kin aiko mini motar da kika gaji da ita, mai ciwon da kika sani, don in faɗi a gaban mutane in taho miki da kaina a ƙasa. Kamfani ya yi mini, ban yi mamaki ba. Amma ke, Auta?

Haƙa ba ta ƙare ba, sharaɗi bai cika ba. Kada ki aiko kowa.

Yayanki.

* * *

Yaya,

Sannu, sannu. Allah ya ƙara tsarewa. A ina aka ɗaure maka hannun? An duba ko karaya ce? Ita Shugaba fa? Ka gaishe ta, ka ba ta haƙuri a madadina. Takardarka ta same ni a bakin murhu, sai da ma'aikata suka kawo mini kujera.

Ni zan aiko maka abin da zai jefa ka rafi? Ni da ka goya zuwa makaranta? Na sha maganganunka masu ɗaci tun da kamfanin nan ya watsar da kai, na ce ciwo ne ke magana. Wannan kuwa ta shige ni.

Fentin gaskiya ne, gadon ma gaskiya ne. Na yi fatan ka zo, kuma ba na jin kunyar fatan. Amma na rantse maka motar nan ba ta taɓa yi mana haka ba. Na tara direbobina na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa gani. Na je wurin wanda ya sayar mini, wani yaro mai sheƙin takalmi, ya ce zai tambayi na sama da shi. Har yau yana tambaya.

Na janye sharaɗin. Ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Ka bar ta a rufe, kada ka sake kunna ta. Ka taho kawai, ko na ɗan lokaci, hannun ya warke. In tagar ce ba ka so, ni zan koma ɗakin bayan, ka ɗauki nawa.

Auta.

* * *

Yaya,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san wanda nake gayarwa ba, tun da ba a amsawa. Bas ya je ya dawo, ya je ya dawo, hannu wofi. Fushin ne har yanzu, ko ciwon?

Jiya na tsare direban bas, na ce ba zai tashi ba sai ya faɗa mini gaskiya. Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce ana ganinka kana cika buhuna da duwatsu, ka loda a motar, ka sauka da su kwari, ka zubar, ka hawo, gobe ka sake. Ya ce kana tafe kana magana kai kaɗai. Ya ce mutanen gari sun ce buguwar ta taɓa maka kai.

Yaya, duwatsu?

In bas mai zuwa bai kawo mini rubutunka ba, zan rufe gidan burodi in hau shi da kaina, in taho da mijin 'yata. Ka san yana da ƙarfi, kuma zai ɗauke ka yana dariya.

Auta.

* * *

Auta,

Gaisuwa, da gaisuwa, da wata gaisuwar ta cike waɗanda na hana ki. Hannu ya warke, targaɗe ne. Kaina kuwa bai taɓa zama daidai kamar yanzu ba. Kada ki rufe gidan burodi, kuma ki riƙe mai dariyar nan a inda yake.

Abin da na rubuta miki a takardar baya maganar banza ce. Ki yafe mini. Ki adana wannan layi, don kin san ba na iya faɗa sau biyu.

Bayan faɗuwar nan na daina fita. Ina zaune a tsakar gida wata hantsi, famfo yana aiki, sai tankin ya cika, ƙwallon da ke ciki ya taso ya toshe bututu, ruwa ya tsaya. Na ga wannan sau ba adadi. Amma ranar sai na ji muryar malaminmu na shekarar farko a karatun lantarki a kunnen nan da ya mutu: ƙarfi ba ya ɓacewa, wuri yake sakewa. Na tambayi kaina abin da ya kamata in tambaya tun ranar gwaji. In Bebiya ta riƙe kanta a gangara, ina ƙarfin yake tafiya? A tsohuwar motata zafi yake zama, da ƙugin inji. A wannan kuwa, taya ce ke juya injin, injin ya koma janareto, ya tura wuta cikin batir. Wannan turawar ita ce riƙon. To in batir ya cika fal, ina za a zuba? Sai ta saki, ta bar wa birki duk nauyin, shi kuma ya ƙone.

Ni na cika ta, Auta. Da hannuna, da ƙa'idata ta cikakken tanki da nake taƙama da ita. Motar ba ta da ciwo. Ku a birni ba ku da gangaren da zai tona wannan, shi ya sa direbobinki ba su sani ba. Na zauna a gindin bishiyar nan na yi dariya har kaji suka watse.

Makanike ya canza mini birki, shi dai irin na kowace mota ne. Amma wa zai sake ba ni dankalinsa? Shi ya sa duwatsu. Na fara da buhuna kaɗan da rabin batir, ina ƙarawa a hankali, ina faɗa wa kaina abin da allo ya nuna a kowace kwana don kada in manta. Maganar da aka ce ina yi ni kaɗai ke nan. Mai shayi ya riƙa ɗaga murya in zan wuce: "Injiniyaa, yaya kasuwar dutse yau?" Na ce masa tana tashi.

Ga abin da duwatsun suka koya mini. Duk yadda kaya suka ƙara nauyi, haka take ƙara samu. Ina isa kwari da wuta fiye da wadda na bar gida da ita. A can in jona ta a shagon mai walda, tun da su suna da wutar kamfani, in hawo wofi. A ƙasa ake cika ta, a sama a bar mata wuri. Akasin duk abin da na sani game da mota. Kuma kin ga yadda tudun nan yake: kayanmu sauka suke, ba hawa ba. Kamar don mu aka ƙera ta, masu ƙerawar ba su sani ba.

Na je na yi wa Shugaba bayani. Ta ce: "Ko gawata ba za ta shiga wannan aljanar ba." Na dawo gida.

Sai tankar mai ta daina zuwa kwari. Masu jarka suka ɓace. Mai Babbar Mota ya kai motarsa layin mai, ya shiga bai fito ba. Dankali tuli-tuli a gonaki, ga ruwan sama ya fara taɓa shi, na ƙasa ya soma wari. Wata safiya na ji ana buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Shugaba ce.

"Aljanar taka tana nan?"

Na ce tana nan.

"Nawa za a fara lodawa, ba na mutane ba. Kuma zan shiga. Ba zan aika kayan wani inda nake tsoron zama ba."

Muka loda har ta zauna, batir rabi. Muka kama gangaren. Na ɗage ƙafa. Auta, ta riƙe. Ta riƙa sauka a natse kamar tsohuwar da ta san matakan gidanta. Da muka doshi kwanar yashi Shugaba ta runtse ido ta damƙi ƙofa.

"Ka ci gaba da taka birkin, kada ka saki!"

"Ban taka ba."

Ta buɗe ido ɗaya ta leƙa ƙafata, ta gan ta a ajiye a gefe.

"To wa ya riƙe ta?"

"Dankalinki."

Na nuna mata allo, kore yana ƙaruwa muna tafe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: "Kana nufin dankalina ne ke ciyar da motarka?" Na ce haka ne. Ta ce: "To sai a rage mini ladan dako." Matar nan ko a bakin rafi ba ta manta kanta.

A bakin kwari muka wuce layin mai, ya yi tsawo har ya karya kwana. Ga Mai Babbar Mota zaune a kan jarka, ya rafka tagumi. Bai ji zuwanmu ba, sai na danna masa hon, don kada a ce firiji ya wuce bai gaishe shi ba. Shugaba ta zuge gilashi ta ɗaga masa dankali guda.

Daga ranar ban zauna ba. Sauka da kaya, jonawa wurin mai walda, hawa, sake lodi, har gonaki suka yi wayam. Ba buhun da ya ruɓe bayan wannan. Ƙungiya ta sake zama, ta ce aikin nawa ne, bana da baɗi.

Kada ki ɗauka na zama mai tallar motoci. Ranar da hadari ya yini, ni ma yini nake a zaune. Taɓo yana ba ta wahala don cikinta a ƙasa yake, taya tana saurin cinyewa, in kuma wani abu ya lalace a ciki ba wanda zai taɓa ta a nan sai ni. Mutumin da ke kwari yana hawo da kaya sama, shi ba zan ba shi shawarar ya saya ba. Batirin ma wata rana zai bi kunnena. Amma ba yau ba.

Abu ɗaya kuma. Shekaranjiya mai shayi ya zo har gida, wai in duba masa ko farantai za su iya ɗaukar ɗan firiji. Ya ce, "Injiniya." Haka kawai, a gajarce, bai ja ƙarshen ba. Sai da na juya in ga ko da wani a bayana.

Kin ce kin janye sharaɗi. Ban yarda ba. Ba a janyewa sai bayan an ga wanda ya ci, kuma ni na ci. Ki rufe bakin.

Yayanki.

* * *

Yaya,

Na rufe. Na karanta wa ma'aikata takardarka a bakin murhu har burodi ya kusa ƙonewa. Layin nan da ka ce in adana, na sa an manna shi a bango. Ɗakin baya kuwa buhunan fulawa sun shiga, kuma ba su ce komai a kan tagar ba.

Amma sharaɗin bai hana ni zuwa ba. Ina so in ga bishiyoyin, in kuma ga wannan Shugaba da ta iya da kai. Zan biyo bas na ƙarshen wata.

Auta.

* * *

Auta,

Lafiya lau muke, ni da Bebiya. Ki sauka a tashar kwari, kada ki jira bas mai hawa. Za ki same ni a ƙofar mai walda, ni zan hawo da ke garinmu da wutar lantarki, ko da ba ta sanda ba ce.

Kada ki taho da kaya masu nauyi, hawa ne. Ranar komawa kuwa zan loda miki dankali da kabeji iya son ranki. Direban bas ya ce kin ƙara ƙiba. Ban ji haushi ba. A hawa za ki ci mini wuta, amma a saukowa za ki mayar.

Yayanki, Injiniya.